Sunan Amidu a Jikin Kwalba

Amidu ɗan Kimba ya shigo Kumasi yana saurayi, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya fara zuwa daga Sekondi. Ayarin fataken goro ya biyo tun daga ƙasar Dosso, yana kora musu jakuna. Da aka iso bakin kurmi, inda jaki ba ya rayuwa, sai aka sauke kaya daga bayan jakunan aka ɗora a kan masu korar su. Haka Amidu ya shigo gari, da kaya niƙi-niƙi a ka da ciwo a gadon baya. Ranar da ayari ya tashi komawa arewa, ya raka su har bakin hanya, ya yi musu addu'a, ya juyo Zango ya nemi ɗaki.

Abu ɗaya ya iya a duniya, shi ne haɗa man shafawa na ciwon baya, wanda kakarsa ta koya masa. Man gyaɗa ne da citta da kanumfari da ɗan barkono, sai wata saiwa da bai taɓa faɗa wa kowa sunanta ba. A garin da rabin mutanensa dako suke yi, rabin kuma tsofaffin 'yan dako ne, wannan sana'a ba ta rasa masu nema. Ya kafa rumfa kusa da inda ake ɗaurin goro, yana sayen kwalaben da aka zubar a bayan kantunan Turawa, yana wanke su sau uku, yana ɗura mai. Ya yi aure, ya auri Mamunatu, 'yar wani mahauci, mace mai kiwon kaji da faɗin gaskiya ba tare da an tambaye ta ba. Shi kuwa dogo ne siriri, mai magana a hankali, mai son komai ya zauna a muhallinsa.

Damuwarsa ta fara ne ranar da taubashinsa Iddi, ɗan kawunsa, ya sauka a Zango. Iddi ya kwana uku a gidan Amidu, ya ci tuwon Mamunatu, ya kalli yadda ake haɗa mai, a rana ta huɗu ya kafa tasa rumfar a jikin ta Amidu. Kwalba iri ɗaya, mai kala ɗaya. Saiwar ce kawai bai samu ba, sai ya cike gurbinta da ƙarin barkono.

"Ɗan mace, ina kwana?" in ji Iddi kowace safiya. "Yau ma ka zo taya ni ciniki?"

"Lafiya lau, ɓarawo. Man naka ko ƙyaure aka shafa wa sai ya ƙara kuka."

A haka suka shekara goma. Amidu bai damu da cinikin da Iddi ke yi ba, gari da faɗi. Abin da ke cin ransa shi ne, in man nasa ya warkar da mutum, ba a san na wa ba ne. Shi ya sha wahalar tonon saiwa, amma godiya sai ta faɗa duk rumfar da ta ga dama.

Bayan an gama yaƙin Jamus, wata rana ya shiga kantin Turawa sayen sabulu, ya tsaya yana kallon kwalaben magani a jere, kowace da takarda manne a jikinta, an buga rubutu reras, duk iri ɗaya. Ya tambayi akawun kantin me aka rubuta, aka ce sunan mai maganin ne. Amidu ya fito ya manta da sabulun.

Ya tafi wajen Mumuni maƙeri, ya sa ya sassaƙa masa hatimi na tagulla mai layi uku da ajami. Na farko da aka buga, rubutun ya fito a juye, domin Mumuni ya sassaƙa shi yadda ake karantawa. Ya ce ba laifinsa ba ne, takardar ce aka ajiye ba daidai ba. Sai da aka juya takarda ta kowace fuska aka ga ba ta gyaru ba, sannan ya yarda ya sake. Na biyu ya fito sumul. Amidu ya sami tawada irin ta malamai, ta gawayi da ƙaro, ya zauna a tsakar gida yana dangwalawa yana bugawa, Mamunatu tana yankawa da almakashi, ana mannawa da kokon rogo. Da ya jera kwalaben a rumfa, har Iddi sai da ya taso ya duba.

Ciniki ya ƙaru ƙwarai, musamman wajen tsofaffin mata. Amidu ya ce ai dole, yanzu an san mai abu.

Ba a yi wata biyu ba, wani madugu da ya saba sauka a Zango ya tsaya a gaban rumfarsa, ya gan shi yana dafa ƙugu garin miƙewa.

"Malam Amidu, kai ma bayan ne? Ka gwada man Iddi mana. Uwar ɗakina ta ba ni, kwana biyu na miƙe kamar sanda."

Ya zaro kwalba daga aljihun riga. Amidu ya karɓa ya duba. Kwalbarsa ce. Ya san ta, har da ɗan tsagin da ke bakinta, ga ƙanshin saiwa. Takarda tana nan manne, amma fara fat, sai ɗan dishi-dishin toka. Babu ko ɗigo.

"Wa ya ce maka na Iddi ne?"

"Na tambaye shi, ya ce nasa ne."

Iddi daga tasa rumfar ya ɗaga hannu. "Allah ya ƙara sauƙi, madugu. Ɗan mace, in kana so in rage maka."

Amidu ya koma gida bai ci abincin rana ba. Ya zauna ya yi tunani, ya gano mai laifi: ruwan Kumasi. Garin da ake ruwa da safe a sake da yamma, garin da in ka rataye riga kwana uku sai ta yi fumfuna, yaya tawada za ta zauna a takarda? Abin da ake bukata shi ne a sami abin da za a shafa a kan rubutun ya tsare shi. Daga ranar ya ɗaura aniyar sai sunansa ya zauna a jikin kwalba, ko da za a jefa ta rijiya.

Ya fara da ƙaro, tunda shi ne a kusa. Ya jiƙa shi ya yi kauri, ya shafa da gashin kaza. Da ya bushe sai ƙyalli, gwanin sha'awa. Kwana biyu aka yi hadari, iska ta yi laima, ƙaro ya farka. Wata mata ta ɗauki kwalba ɗaya, kwalba uku suka manne suka biyo ta. Waɗanda suka kwana a ɗaki kuwa, kyankyasai suka yi walima a kansu, suka cinye ƙaron da rubutun da rabin takardar.

Sai ya koma man kaɗe. Ruwa dai bai kama shi ba, amma takardar ta zama kamar fatar albasa, ana hango man da ke ciki ta cikinta, rubutun ya baje kamar sawun kaza a laka. Kwalba kuma ta ƙi zama a hannu. A yini ɗaya biyu suka suɓuce suka fashe. Akuyar maƙwabta ta shinshino, ta shigo ta bi jeren da ya shanya tana lashewa ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa, kamar an gayyace ta.

Wani Banufe mai ɗinkin littattafai ya ce masa farin ƙwai ne maganin abin. Amidu ya shiga akurkin Mamunatu.

"Maigida, me kake nema wajen kajina?"

"Aro zan yi."

"Ƙwai ake aro? Da yaya za ka mayar?"

Farin ƙwai ya bushe da kyau, ya yi santsi, Amidu har ya fara murmushi. A kwana na uku rumfarsa ta fara wani irin wari, ƙudaje suka yi sansani, masu wucewa suna toshe hanci suna duban Iddi. Iddi ya ɗauki tabarmarsa ya matsa gaba, yana shaida wa kowa cewa taubashinsa ya fara sayar da mushe a kwalba.

Daga nan Amidu ya daina kai gwajinsa kasuwa kafin ya tabbatar. Ya ɓullo da hanya tasa. In hadari ya haɗo da rana, sai ya jera kwalabe a ƙarƙashin indararo, kowace da irin shafin da aka yi mata, ya ɗauko kujera da lema ya zauna a tsakiyar ruwa yana kallo. Wadda rubutunta ya fara kuka, sai ya tashi ya kawar da ita gefe. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Wata ta ja Mamunatu gefe ta tambaye ta ko an fara nema masa taimako.

"Ba hauka ba ne," in ji Mamunatu. "Da hauka ne da an san inda za a kai shi."

Kakin zuma ne ya ci wannan jarrabawa. Ya narka shi, ya tsoma takardu, ruwa ya yi ta zuba a kansu yana gangarewa. Amidu ya kai su kasuwa yana tafiya kamar ango. Rufin rumfarsa na kwano ne. Rana ta take tsaka, kaki ya saki jiki, ya bi kwalba ya gangaro kan tebur. Kafin la'asar ƙudan zuma sun zo karɓar kayansu. Ranar har masu ɗaurin goro sai da suka tashi da wuri, Iddi kuma ya kwana biyu ido ɗaya a kumbure, abin da ya ɗan sanyaya wa Amidu rai.

A can gangaren hanyar tasha akwai wani kafinta Bafante, ana ce masa Papa Kwesi. Amidu ya sha wucewa ta wajen yana ganin katako na ƙyalli kamar an zuba masa ruwa, amma bai taɓa tsayawa ba, saboda yawancin abin da ake ƙerawa a wurin akwatin gawa ne na Kiristoci. Da dabara ta ƙare, ya tsaya daga nesa ya yi sallama. Papa Kwesi yana jin Hausar kasuwa. Ya nuna masa wani gwangwani mai ruwa kalar zuma, ya ce sunansa banish, daga bakin teku ake kawo shi.

"Wannan, ruwa ba ya ci, gara ba ya ci. Mutum ya ruɓe, akwati yana nan paa."

"Akuya fa?"

"Ei! Akuya ya lasa sau ɗaya, ba ya dawo."

Mamunatu da ta ji daga inda aka samo shi, ta ce ba za a shigar mata da man gawa ɗaki ba. A zaure aka yi aikin. Amidu ya shafa siriri, ya bari ya bushe, ya ƙara. Ya sa a indararo, rubutu ko gezau. Ya ajiye a rana, bai narke ba. Ya bar wa kyankyasai kwana uku, suka zagaye shi. Ya jefa kwalba ɗaya a randa ta yini, ya ciro, sunansa na nan baƙi ƙirin yana sheƙi. Ya ɗaga ta sama ya karanta sunan da ƙarfi, sau biyu, shi kaɗai a zaure.

Ya cika rumfa da sababbin kwalabe. Makon farko aka saya kamar kullum. Mako na biyu ciniki ya yi sanyi. A na uku, tsofaffin matan da suka saba zuwa sai su wuce ta gabansa suna kallon wani wuri. Amidu ya ɗanɗana man, ya shinshina, ya shafa a bayansa. Babu abin da ya canja.

Ranar wata Laraba da hantsi, sai ga Mma Barkisu mai koko, tsohuwar da duk Zango ke shakkar bakinta, tana tafe da sanda, mata biyar na biye da ita, kowace da kwalba a hannu. Ta dangwara tata a kan teburinsa.

"Amidu, me muka yi maka?"

"Ni kuwa, Mma? Sannu da zuwa. Ga tabarma."

"Ba zama na zo yi ba. Wannan abin ba ya wankuwa."

"Alhamdu lillahi," in ji Amidu, fuskarsa ta washe. "Ai shekara guda ke nan ina neman haka."

Matan suka dubi juna. Ɗaya ta ce, "Kun ji ko? Da gangan ya yi."

"Na jiƙa shi a ƙwarya tun daga asuba har azahar," in ji Mma Barkisu. "Na sa ruwan zafi. Na goga da soso. Na kankara da wuƙa har na yanke yatsa, ga shi. Ruwan nan fari tas kamar yadda na ɗebo shi. To me zan sha?"

"Sha kuma, Mma?"

"Rubutun mana! Da can mutum ya sayi kwalba, ya wanke rubutun ya sha, ya shafa man, ya kwana lafiya. Da ka sa ƙaro muka ce ba laifi, har ya fi daɗin haɗiya. Da ka sa ƙwai muka toshe hanci muka sha, ba mu ce maka komai ba, don mun san magani ba ya daɗi. Yanzu ka kulle shi gaba ɗaya, ka bar mu da mai tsura kamar na Iddi."

Amidu ya ɗauki kwalbar ya duba. Shekara guda yana zaune a cikin ruwa da lema yana tuhumar sama, ashe sunansa a ƙwarya yake ƙarewa. Iddi kuwa ya riga ya kwanta a kan tabarma yana riƙe da ciki, ƙafafu a sama.

"Mma, wannan ba rubutun sha ba ne. Ni ba malami ba ne. Hatimi ne Mumuni ya ƙera mini."

"Ba baƙaƙen allo ba ne a jiki?"

"Su ne."

"Ba tawadar malamai ba ce?"

"Ita ce."

"To?"

Mutane sun fara taruwa, 'yan dako sun sauke kaya, masu ɗaurin goro sun bar ganye a hannu. Amidu ya ga in bai fito da maganar fili yau ba, gobe za a ce ya yi shekara yana sayar da abin da ba shi ne ba. Ya hau kan akwatin kwalabe, ya ɗaga kwalbar Mma Barkisu, ya sa yatsa a layin farko.

"Jama'a, ku saurara in karanta muku abin da ke jiki. Layi na ɗaya: Amidu ɗan Kimba, Zangon Kumasi. Layi na biyu: man shafawa na ciwon baya." Ya sauke yatsa zuwa ƙasa. "Layi na uku: kada a sha."

Kasuwa ta fashe da dariya. Wani ɗan dako ya zauna a kan huhun goron mutane don dariya. Iddi yana ta bugun ƙasa yana cewa a taimake shi da ruwa. Mma Barkisu kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta jira har aka lafa.

"Ka gama?"

"Na gama, Mma."

"Na ji. Sunanka ne, da na ubanka, da kada a sha. To shi na sha, kuma bayana ya saki. Wata goma sha ɗaya ina dama koko a tsaye. Kai ka san baƙi, ni na san bayana. Ko ka buɗe mana rubutu, ko mu koma wajen wancan mai barkonon."

"Marhaba, Mma!" in ji Iddi. "Ni har kwalbar ma a iya sha."

Amidu ya koma gida da kwalabensa. Ya ba Mamunatu labari tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tambaye shi me zai yi. Ya ce bai sani ba. In ya bar shafi, sunansa zai ci gaba da tafiya cikin mutane, Iddi na karɓar godiya. In ya ci gaba da shafi, suna zai zauna a kwalbar da ba mai saye.

"Layi nawa ka ce?" in ji Mamunatu.

"Uku."

"Duka ukun ne sunanka?"

Ya dube ta. Ya tashi ya tafi zaure.

Tun daga ranar, Amidu yakan shafa banish a layi biyu na sama, ya tsaya cak, ya bar na ƙasa tsirara. Kafin ya bar su haka sai da ya je ya tambayi limamin unguwa ko akwai laifi. Liman ya ce tunda ya faɗa a gaban jama'a, kuma gawayi da ƙaro ne, ba ya ganin laifi, amma ya riƙa maimaitawa ga duk mai saye. Amidu ya riƙe wannan har ƙarshen sana'arsa. Duk wanda ya miƙa wa kwalba sai ya ce, "Na ƙasan nan cewa ya yi kada a sha." Mai saye ya ce, "To, Malam," ya tafi gida ya ɗauko ƙwarya.

Mma Barkisu ce ta fara zuwa gwada sabon shafin. Ta ɗauki kwalba, ta lashi yatsa, ta goga a ƙasa, yatsa ya yi baƙi. Ta goga a sama, ba abin da ya taso. Ta gyaɗa kai ta kunce bakin zane.

Bayan 'yan watanni wata baƙuwa daga Salaga ta sauka a gidanta, ta ga kwalba a kan taga, ƙasan takardar fari, samanta na ƙyalli. Ta tambaya wane ne mai wannan mai, don ita ma bayanta ya dame ta. Mma Barkisu ba ta taɓa zama gaban allo ba, amma kullum da safe wannan layin take gani in ta zo shafawa. Ta sa farce a kan kalmar farko.

"Kin ga wannan mai tsayin a gaba, da ɗan lanƙwasa a ƙarshe? Amidu ke nan. In kin je kasuwa ki duba shi da kyau kafin ki biya. Rumfa biyu ne a jere, na gefen ɓarawo ne."